Rikici kan adireshin intanet da alamar kasuwanci: Yadda ake warware shi

Adireshin intanet shi ne sunan da mutum yake rubutawa a waya ko kwamfuta domin ya isa wani shafi, kamar jigawastate.gov.ng na Gwamnatin Jihar Jigawa, ko fud.edu.ng na Jami'ar Tarayya da ke Dutse. Alamar kasuwanci kuwa ita ce suna ko tambari ko zanen da ɗan kasuwa yake sa wa hajarsa domin mai saye ya bambanta ta da ta wasu. Rikici yakan taso idan wani ya yi rajistar adireshi da sunan da wani yake ganin alamarsa ce.

Tushen rikicin shi ne tsarin abubuwan biyu ya sha bamban. A kasuwar Sara da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram, ko a bakin titin Birnin Kudu, ana iya samun shaguna uku masu suna Alheri, wannan na sayar da taki, wancan na ɗinki, na ukun kuma na magani, kowa da masu cinikinsa, babu mai damun wani. Dokar alamar kasuwanci ta yarda da irin wannan zama, domin ta kasa kayayyaki da ayyuka zuwa rukuni 45, kuma rajistar da aka yi a wata ƙasa ba ta aiki a wata. A intanet babu wannan sararin. Adireshi ɗaya mutum ɗaya ne yake riƙe da shi a duk duniya, kuma wanda ya riga biyan kuɗi shi ake ba. Kamfanin da ke yin rajistar ba ya tambayar mai nema ko sunan nasa ne. A cikin 'yan mintoci, da kuɗin da bai kai na buhun gero ba, baƙo daga wata nahiya zai iya mallakar sunan da wani ya shekara ashirin yana ginawa.

Wannan ba matsalar manyan kamfanonin Legas ba ce kaɗai. Jigawa na cikin jihohin da suka yi fice wajen noman riɗi da zoɓo, waɗanda akasarinsu ƙetare ake kai su. Mai saye da ke wata ƙasa ba zai zo Sara ya ga sito ba, abin da yake gani shi ne adireshin shafi da na imel. Idan wani ya yi rajistar adireshi mai kama da na dillalin, ya sauya harafin o da sifiri ko ya ƙara harafi ɗaya, zai iya aika wa mai sayen takardar neman biya ɗauke da lambar asusun banki ta daban. Ma'aikatan gwamnati ma sun san irin wannan, ganin yadda hukumomi suke yawan fitar da sanarwar nesanta kansu daga shafukan ɗaukar aiki na bogi da ake buɗewa da sunayensu.

Yadda lamarin ya faro

A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da kamfanoni da yawa ba su farga da amfanin intanet ba, wasu mutane sun yi ta rajistar sunayen manyan kamfanoni suna ajiyewa, suna jiran a zo a saya da tsada. Su ne 'yan kama-wuri-zauna na intanet. Wanda ya fi yin suna a cikinsu shi ne wani Ba'amurke, Dennis Toeppen, wanda ya kama panavision.com, sunan wani kamfanin kyamarorin fim, sannan ya nemi a ba shi dala 13,000 kafin ya saki. Kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin gaskiya a 1998, amma bayan an daɗe ana shari'a. Kowa ya gane cewa kotunan ƙasa ɗaya ba za su iya da rikicin da mai ƙara yake wata ƙasa, wanda ake ƙara yake wata, kamfanin rajista kuma yake ta uku ba.

A 1998 aka kafa ICANN, ƙungiyar da ke kula da tsarin sunayen intanet, a jihar Kalifoniya. Bisa shawarar Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Duniya, wato WIPO, mai hedikwata a Janeba, ICANN ta amince da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya ta warware irin wannan rikici a 1999, wadda aka fi sani da UDRP. Hikimar ƙa'idar ita ce an saka ta a cikin yarjejeniyar rajista. Duk wanda ya sayi adireshi mai ƙarewa da .com ko .net ko .org ya riga ya amince, ko ya karanta ko bai karanta ba, cewa idan mai alama ya yi ƙararsa zai bi wannan tsari. An shigar da ƙarar farko a WIPO a watan Disamban 1999, inda kamfanin kokawar Amurka ya nemi worldwrestlingfederation.com daga wani mutum da ya yi tayin sayar masa da shi, kuma a watan Janairun 2000 aka ba kamfanin. A shekarar 2023 kaɗai, ƙararrakin da aka kai WIPO sun haura 6,000.

Abin da mai ƙara zai tabbatar

Ƙa'idar ta ɗora wa mai ƙara nauyin tabbatar da abubuwa uku, kuma idan ɗaya ya faɗi duka ƙarar ta faɗi. Na farko shi ne adireshin ya yi daidai da wata alama da yake da haƙƙi a kanta, ko ya yi kama da ita har ya iya rikita mutane. Na biyu, wanda ke riƙe da adireshin ba shi da wani haƙƙi ko halastaccen dalili na riƙe shi. Na uku, an yi rajistar adireshin da mugun nufi, kuma ana amfani da shi da mugun nufi.

Sharaɗi na uku shi ne wanda aka fi kai ruwa rana a kansa. Ƙa'idar ta kawo misalan mugun nufi: mutum ya yi rajistar suna musamman domin ya sayar wa mai alamar ko abokin gasarsa da kuɗin da ya zarce abin da ya kashe, ko ya mayar da kama sunayen mutane sana'a domin ya hana su amfani da su, ko ya yi domin ya dagula kasuwancin abokin hamayya, ko kuma ya ja masu ziyara zuwa shafinsa don riba ta hanyar sa su zaci shafin mai alamar ne. Tun a shekarar 2000, a ƙarar da kamfanin sadarwa na Telstra na Ostareliya ya shigar, masu hukunci suka ce ko da mutum bai ɗora komai a shafin ba, ajiye sanannen suna haka kawai tare da ɓoye kai yana iya zama mugun nufi.

Akwai wata gaɓa da 'yan kasuwa ba su cika lura da ita ba. Tun da ana buƙatar mugun nufi a ranar rajista, to wanda ya riƙe adireshi tun kafin kamfanin mai ƙara ya wanzu, da wuya a ce ya yi ne domin ya cuce shi. Wanda ya buɗe masana'antar man gyaɗa a 2021, sannan ya tarar wani yana riƙe da sunan tun 2009, ba shi da ƙara. Sai dai ya je a yi ciniki, ko ya nemi wani sunan.

Shi ma wanda ake ƙara yana da mafita. Zai iya nuna cewa yana sana'a ta gaskiya da sunan tun kafin ya ji labarin rikicin, ko kuma da sunan aka san shi, ko yana amfani da shi ne ba don riba ba. Labarin nissan.com ya nuna ƙarfin wannan kariya, duk da cewa a kotun Amurka aka yi shi. Uzi Nissan ɗan kasuwa ne da a lokacin yake sayar da kayan kwamfuta da sunan gidansu, ya kuma yi rajistar adireshin a 1994. Kamfanin motoci na Nissan ya maka shi a kotu a 1999, aka shafe shekaru ana fafatawa, a ƙarshe adireshin ya ci gaba da zama a hannunsa.

Darasin Konga

Ƙarar da ta fi dacewa ɗan kasuwar Najeriya ya nazarta ita ce ta Konga, kamfanin cinikin intanet da Sim Shagaya ya kafa a 2012. Kamfanin ya gano cewa Rocket Internet na ƙasar Jamus, wanda a lokacin shi ne uwar abokin gasarsa Jumia, ya yi rajistar adireshi da sunan Konga a ƙasashen Afirka da dama. Ma'anar hakan a fili take: duk ranar da Konga ya so faɗaɗa kasuwancinsa zuwa waɗannan ƙasashe, zai tarar an riga an zauna masa a ƙofa. A 2014 ya kai ƙara WIPO kan konga.sc, adireshin tsibiran Seychelles.

Mutane da yawa sun ɗauka nasara a hannu take, domin abokin gasa ne ya kama sunan. Amma an yi watsi da ƙarar tun a sharaɗin farko. Konga ya dogara ne da takardun neman rajistar alama da ba a kammala ba, kuma bai gabatar da isasshiyar hujjar da za ta nuna cewa sunan ya riga ya zama alamarsa a idon jama'a ba. Ƙa'idar UDRP tana karɓar alamar da ba a yi wa rajista ba, amma sai an kawo shaida: tsawon lokacin da aka yi ana amfani da sunan, yawan ciniki, kuɗin talla, rahotannin jaridu. Masu hukunci ba sa zuwa kasuwa su tambaya, abin da aka ajiye a gabansu a rubuce kawai suke dubawa. Idan kamfani mai lauyoyi da masu zuba jari ya yi tuntuɓe a nan, ina ga mai sarrafa shinkafa da ba ya ajiye rasiɗi?

Takardar CAC ba rajistar alama ba ce

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin 'yan kasuwarmu shi ne ɗaukar takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a matsayin shaidar mallakar suna ta kowace fuska. Takardar CAC tana nuna cewa gwamnati ta san da wanzuwar kamfani ko sunan kasuwanci. Rajistar alama kuwa a wani ofishi daban ake yin ta, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya da ke Abuja, bisa Dokar Alamun Kasuwanci ta 1965. Rajistar adireshin intanet ita ce ta uku, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ke jawo sauran biyun.

Matakan rajistar alama ba su da sarƙaƙiya, sai dai suna cin lokaci. Ana fara bincike a ga ko wani ya riga ya ɗauki sunan a rukunin da ake so. Daga nan a shigar da buƙata, a karɓi takardar shaidar an karɓa, sannan takardar amincewa idan ofishin bai ga wani cikas ba. Sai a buga alamar a mujallar ofishin, a ba duk mai ja wata biyu ya bayyana. Idan babu, ko an saurare shi an yi watsi da jayayyarsa, a ba da satifiket. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, bayan haka ana sabunta ta duk shekara 14. Mutane da yawa suna tsayawa a takardar amincewa, su sa ta a firam su rataye a ofis, alhali satifiket shi ne rajista. Gyaran dokar da aka sa wa hannu a 2023 ya fayyace cewa masu ayyuka, kamar makaranta ko otal ko kamfanin sufuri, su ma suna iya rajistar alamarsu kamar masu haja.

Irin sunan da mutum ya zaɓa ma yana da tasiri. Mawaƙin Ingila da aka sani da Sting ya nemi sting.com a shekarar 2000 ya rasa, domin kalmar ta yau da kullum ce a Turanci, kuma wanda ke riƙe da adireshin ya daɗe yana amfani da ita a matsayin laƙabinsa a wasannin kwamfuta. A shekarar ce kuma mawaƙiya Madonna ta karɓi madonna.com daga wani da ya ɗora hotunan batsa a kai, domin an gamsu cewa shahararta yake son ci da ita. Wannan ya shafe mu kai-tsaye. Alheri, Nasara, Albarka, Rahama, Sauƙi: sunaye ne masu daɗi da fatan alheri, amma dubban shaguna da motoci ne ke ɗauke da su daga Sakkwato zuwa Maiduguri. Mai irin wannan suna zai sha wuya kafin ya gamsar da kowa cewa shi aka nufa da cuta. Sunan da mutum ya ƙirƙira, ko sunan gida da aka daɗe ana ciniki da shi, ya fi sauƙin karewa. Sunan Dangote, tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, misali ne na sunan gida da ya zama alamar da ba a rikita ta da wata.

Wa ya mallaki sunan gari?

Tambayar da shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin ci gaban gari sukan yi ita ce: idan wani ya yi rajistar sunan Birnin Kudu ko Gwaram da .com a ƙarshe, za a iya ƙwacewa? A ƙarƙashin UDRP amsar ita ce da wuya. Ƙa'idar alamar kasuwanci take karewa, sunan gari kuwa ba alamar kowa ba ne. WIPO ta nazarci batun a 2001, kuma ba a faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da sunayen wurare ba. Hukumar birnin Barcelona ta Sifen ta taɓa cin nasara kan barcelona.com a WIPO a shekarar 2000, amma wanda aka ƙwace wa ya garzaya kotun Amurka, kuma a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, tana cewa sunan wuri ne kawai. Gwamnatin New Zealand ma ta yi ƙara kan newzealand.com a 2002 ta faɗi, daga baya sai da ta sa kuɗi ta saya.

Ita ma dokar Najeriya ba ta sakin hannu wajen ba mutum ɗaya sunan gari a matsayin alama, sai ya nuna cewa jama'a sun riga sun danganta sunan da hajarsa shi kaɗai. Hakan adalci ne, domin in ba haka ba mutum ɗaya zai hana duk manoman Gwaram rubuta sunan garinsu a buhu. Saboda haka mai buɗe shafi da sunan Birnin Kudu domin ya tallata zane-zanen duwatsun Habude da Mesa, ko ya kawo labaran gari, bai taka wata doka ba muddin bai yi shigar hukuma ba.

Kariyar da hukumomi suke da ita tana wani wuri. Adireshin .gov.ng ba a sayar da shi ga kowa, Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, ita ke tantance masu nema, kuma hukumomin gwamnati kaɗai ake ba. Tun 2019 ɗan Jigawa ne, Kashifu Inuwa Abdullahi, yake shugabantar hukumar. A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa hukumomi amfani da adireshin gwamnati a shafukansu da wasiƙunsu na aiki. Ƙaramar hukuma ko asibitin gwamnati da ya buɗe shafi da .com, ko yake aika wasiƙar aiki ta Gmail, shi ya sauƙaƙa wa ɗan damfara, domin jama'a ba su da hanyar bambance na gaske da na bogi.

Yadda ake shigar da ƙara da abin da take ci

Ba a zuwa Janeba, komai a rubuce ake yi ta imel. Mai ƙara, ko lauyansa, zai aika da ƙorafinsa da hujjojinsa zuwa ɗaya daga cikin cibiyoyin da ICANN ta amince da su. WIPO ce aka fi zuwa, kuma tana da ofishi a Abuja tun 2020, ko da yake ba a nan ake yanke hukuncin ba. Cibiyar za ta tuntuɓi kamfanin rajista, wanda zai kulle adireshin don kada a sayar ko a gudu da shi, ya kuma bayyana sunan mai riƙe da shi. Wannan yana da amfani, domin tun 2018 da dokar sirrin bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, akasarin sunayen masu adireshi a ɓoye suke. Wanda ake ƙara yana da kwana 20 ya mayar da martani. Daga nan a naɗa mai hukunci ɗaya, ko uku idan wani ɓangare ya buƙata, a ba su kwana 14. Gaba ɗaya abin yakan ɗauki kimanin wata biyu. Harshen shari'ar shi ne harshen yarjejeniyar rajista, sai idan masu hukunci sun ga dalilin sauyawa.

Kuɗin WIPO dala 1,500 ne idan mai hukunci ɗaya ne kuma adireshin bai wuce biyar ba, dala 4,000 idan uku ne, ban da kuɗin lauya. Galibi mai ƙara ne ke biya, kuma ko ya ci nasara ba a mayar masa. Abin da zai samu shi ne a miƙa masa adireshin ko a soke shi, babu diyya. A canjin naira na yanzu wannan kuɗi ne mai nauyi, kuma 'yan kama-wuri-zauna sun san haka, shi ya sa sukan yanka farashin da bai kai kuɗin ƙara ba. Wani lokacin lissafi yakan nuna cewa saye ya fi araha, ko da zuciya ba ta so. Mai niyyar saye ya bi ta amintaccen mai shiga tsakani da zai riƙe kuɗin har sai adireshin ya dawo hannunsa. Ko ma wace hanya zai bi, ya adana duk saƙon da aka nemi kuɗi a ciki, domin ita ce hujjar mugun nufi mafi ƙarfi.

Bayan hukunci ana jira kwana 10 na aiki. Idan wanda ya faɗi ya nuna ya shigar da ƙara a kotun da ta dace a cikin wannan wa'adi, sai a dakata. Kotun kuwa ta garin da kamfanin rajista yake ce, ko ta garin mai riƙe da adireshin, wato tana iya zama a Amurka ko Indiya. Haka kuma idan masu hukunci suka ga mai ƙara ya san ba shi da gaskiya, ƙarfi kawai yake son nunawa, sukan rubuta a hukuncin cewa ya yi yunƙurin ƙwace. Babu tara a kan haka, amma hukuncin a buɗe yake ga duk mai son karantawa.

Adireshin .ng da kotunan gida

Duk abin da ya gabata ya shafi .com da danginsa ne. Kowace ƙasa tana da nata adireshin da nata tsarin. An ware wa Najeriya .ng a 1995, kuma a farkon lamari Misis Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba ce ke kula da shi, yayin da na'urorin suke birnin Pisa na Italiya. Shi kansa .ng sai da aka yi rikici kan wanda zai riƙe shi, har Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki, aka miƙa shi ga NITDA a 2004, sannan aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005, wadda take tafiyar da shi daga Legas har yanzu. NiRA tana da tata ƙa'idar warware rikici da aka gina kan tsarin UDRP, kuma ita ce hanyar wanda aka kama wa suna a .ng ko .com.ng. Ga wanda kasuwarsa a cikin gida take, wannan ma dalili ne na fifita .ng: a naira ake biya, kuma idan rikici ya taso a gida za a yi shi.

Kotu ma a buɗe take. Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'ar alamar kasuwanci, kuma kotun tana da reshe a Dutse. Mai alama mai rajista zai iya ƙarar keta haƙƙi, ya nemi umarnin dakatarwa da diyya. Wanda ba shi da rajista ba zai iya wannan ba, sai dai ya yi ƙarar sojan gona, wato wani yana sayar da hajarsa da sunan cewa ta mai ƙara ce. Wannan tsohuwar hanya ce. Tun a 1961 kotu ta hana wani kantin magani mai suna Nigeria Chemists ci gaba da amfani da sunan a Onitsha, saboda ya yi kama da na Niger Chemists da ya riga shi.

Sai kuma ɓangaren laifi. Sashe na 25 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta wa mutum ɗaukar suna ko sunan kasuwanci ko alama ko adireshin wani da gangan, ba tare da izini ba, domin ya hana mai shi amfani da shi. Hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ne, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, kuma kotu tana iya umartar mai laifin ya saki sunan. Sashen ya ambaci sunayen gwamnatin tarayya da na jihohi da na ƙananan hukumomi, don haka ya fi UDRP faɗi ta wannan fuska. Rauninsa shi ne sai hannu ya kai ga mai laifin, wanda yake zaune a wata nahiya kuwa ba ya jin tsoron sammaci daga Dutse.

Rikicin da ƙa'idar ba ta magancewa

A garuruwa irin namu, yawancin adireshin da ake rasawa ba baƙo ne yake kamawa ba. Mai makaranta ko mai shago yakan ba wani yaro mai ilimin kwamfuta kuɗi ya buɗe masa shafi, yaron ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ranar da aka ɓata, ko ya bar gari, sai a tarar a kundin rajista shi ne mai adireshin. Masu hukuncin UDRP sukan ƙi shiga irin wannan, su ce rikicin yarjejeniya ne tsakanin mutane biyu, a je kotu. Dalilinsu shi ne a ranar da aka yi rajistar da yardar mai shagon aka yi, babu mugun nufi. A ma'aikatu ma haka abin yake idan jami'in da ya buɗe shafi da imel ɗinsa na kansa ya yi ritaya ko aka yi masa sauyin wurin aiki.

Na biyu shi ne mantuwa. Adireshi haya ce ta shekara-shekara. Dokar ICANN ta wajabta wa kamfanin rajista ya aika tunatarwa kimanin wata ɗaya da kuma mako ɗaya kafin wa'adi ya cika, amma imel ɗin da ke cikin kundi ake aika wa, wanda sau da yawa na wancan yaron ne. Idan wa'adin .com ya wuce, akan ba da ɗan lokacin sabuntawa, sannan kwana 30 na fansa da ƙarin kuɗi, sai kwana 5 na ƙarshe, daga nan a sake shi ga duk mai so. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, na'urorinsu suna dakon irin waɗannan sunaye su cafke cikin daƙiƙa.

Sunayen shafukan Facebook da Instagram da TikTok, inda mata da matasa da yawa suke sayar da turare da atamfa da kayan ƙwalama, ba sa ƙarƙashin UDRP ko NiRA. Kowane kamfani yana da fom ɗinsa na ƙorafi, kuma abin da fom ɗin yake fara nema shi ne bayanin rajistar alama.

Masu kai kaya Nijar ta Maigatari suna da ƙarin aiki. Satifiket ɗin Abuja ba ya aiki a Damagaram ko Maraɗi. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977, inda rajista ɗaya take aiki a ƙasashe 17, ciki har da Chadi da Kamaru da Benin. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar, don haka rajista biyu ake yi, ɗaya a Abuja ɗaya a Yawunde. Adireshin Nijar kuma .ne ne, harafi ɗaya kacal ya raba shi da .ng.